Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Bismillahi.

Zuwa ga 'yar Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai tsawo, irin wadda ban saba yi miki da baki ba. Ina fata takardar nan ta same ki zaune kusa da taga, mota ta riga ta bar cunkoson Accra a baya, kin ci burodin da na sa miki a jaka, kuma wanda ke gefenki ba mai yawan surutu ba ne. Allah ya tsare direbanku daga barci da gaggawa, ya kai ku Tamale lafiya, ya sa ki sauka da ƙafar dama.

Da hantsi nake wannan rubutu, a bakin ƙofar ɗakinmu. Ke da gwaggonki kun tafi wurin mai aski, tunda makarantar kwanan ta ce ba a shigar mata da dogon gashi. Babanki yana shago, ƙanwarki Rahina tana makaranta, kakarki Hajiya tana gyangyaɗi a kujerarta da carbi a hannu. Akwatin kwanonki yana gefena, shito, yajin nan na mai da kifi da na soya miki, yana hucewa kafin in ɗura shi a kwalba. Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kin fi ni sani. Ke ce mai lura da komai, ni kuwa kowa a lungun nan na Maamobi ya san rabin hankalina yana cikin littafi.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata 'yar magana ce da kika yi jiya ina tsefe miki kai. Ba ki ko juyo ba kika ce, "To Anti, daga gobe kin huta da kitso." Na yi dariya na ce ai kuwa. Amma maganar ta ƙi barina, domin na gane da gaske kike. Kin ɗauka kanki wani aiki ne da za a sauke min. Ba na so ki isa Tamale da wannan tunanin. Zan dawo kansa. Kin san halina, ba na iya shiga magana ta ƙofar gaba, sai na zagaya kamar masu rubuta littattafan da nake karantawa. Bari in fara da tukunya.

Lokacin kina goye, Hajiya tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, har daga unguwar Kanda ake zuwa da kwano. Wata safiya za ta je Kasuwar Malam Atta sayo kifi da barkono, sai ta bar min babbar tukunya a kan wuta, ta ce in sauke da zarar ruwan ya tsotse. Na ce to. A ranar kuwa gwaggonki ta kawo min sabon littafin soyayya cikin waɗanda ake zuwa da su daga Kano, na kai daidai inda yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran saurayin ya waiwayo. Na zauna a kan turmi, kina barci a bayana, tukunya tana gabana inda hannu zai iya kaiwa. Wallahi ban ji ƙauri ba, sai da matar mai gidan haya ta fito tana masifa da yaren Ga, ta ɗauka gidan ne ya kama. Hajiya ta dawo, ta buɗe tukunyar, ta rufe. Ba ta yi faɗa ba. Da azahar ta kankaro ƙanzon, baƙi ƙirin, ta zuba min a faranti mai kyau har da ɗan shito a gefe, ta ce, "Ci, amarya, ki ba ni labari. Ya waiwayo?" Har yau in abu ya ƙone a lungun nan, yaran da ba a ma haife su ba a lokacin sai ka ji sun ce ya waiwayo.

Na san za ki ce ke ba ki karanta irin waɗannan littattafan, har ma kina ɗan raina su. To ai ba littafi kaɗai ke ɗauke mutum ba. Ke gobe ce take ɗauke ki. Na sha kallonki kina cin tuwo bakinki yana tauna, idonki yana wajen jarrabawar da ba a ko sa ranarta ba. Ni da ke duk tukunya ɗaya muke ƙonawa. Ki zauna inda jikinki yake, 'yar nan. In kina aji ki kasance a aji. In kina cin abinci ki ji gishirinsa, ko da na makaranta ne. In ƙawa tana ba ki labari ki ba ta kunnuwanki duka.

Kunyar tukunyar nan ta sa na yi abin da ya fi ƙona ta muni. Na tattara littattafaina kaf na cusa a buhu, na tura ƙarƙashin gado, na ce daga yau na zama babbar mace. Ina riga kowa tashi, in share tsakar gida har da rabon maƙwabta, in wanke abin da ba shi da datti. Na daina zaman hira. In na ji dariya tana zuwa sai in haɗiye ta, kamar ita ta ƙona shinkafar. Shekaru na yi a haka, kuma a cikinsu kika yi wayo. Babanki ya taɓa ce min shi mai ba da labari ya aura, ya rasa ranar da aka musanya masa ita da sajan ɗin 'yan sanda. Ban yi dariya ba, kin ga ashe gaskiyarsa ce. Bayan haihuwar Rahina, wata rana na sunkuya zan ɗauki bokiti a bakin famfo, sai bayana ya ƙi miƙewa. A sunkuye aka kawo ni ɗaki kamar mai neman allura.

In na dube ki yanzu, sajan ɗin nan nake gani, ƙarama, kyakkyawa, mai ɗaure fuska. Kina karatu har idonki ya yi ja, ba ki roƙon taimako, ba ki kuka a gaban mutane. Ina alfahari da ƙoƙarinki, Allah ya sani. Amma wanda ya gudu daga sakaci ya faɗa cikin tauri bai tsira ba, wani ramin kawai ya sauya. A makaranta ki yi karatu da gaske, sannan in an buga ƙararrawar wasa ki rufe littafin ki fita. Ki yi rawa a wasan Asabar ko da ba ki iya ba. Ki bari wata ta ɗaukar miki bokiti ranar da kika gaji, ba zai rage ki da komai ba.

Ciwon bayan ne ya kai ni wurin Sista Akweley, ungozomar da ta karɓi haihuwar Rahina. Kin san ta a hanya, amma ba ki taɓa ganin ta a saman benen asibitinsu da safiyar Asabar ba. Ta taɓa zuwa Indiya karo ilimin aikinta, ta dawo da wani abu da suke kira yoga, take koya wa matan da haihuwa ta bar musu ciwon baya. Mata daga Nima, daga Maamobi, daga New Town, kowa da tabarmarta ko tsohon zane, a gefe ga kayan shanya na asibiti, a ƙasa ga yaran mota suna kiran masu zuwa tashar Circle. Ta ce mana ma'anar kalmar ita ce haɗa abu biyu su yi tafiya tare, kamar shanu biyu da ke jan garma ɗaya. Jiki da hankali, shaƙa da fitarwa, dama da hagu. Duk abin da ta sa mu yi ta dama sai ta sa mu maimaita shi ta hagu, wai kada ɗaya ya yi ƙarar ɗaya.

Hajiya da ta ji labari sai ta ce ba za a kai mata suruka wurin bautar da ba ta sani ba. Ta yafa babban mayafinta ta bi ni don ta gani da idonta. Ta zauna a kujera ta harɗe hannu. Ta tambayi Sista ko akwai abin da ake sunkuya wa, aka ce babu. Ta tambaya ko akwai kalmomin da ake sa mutum ya faɗa, Sista ta ce a can inda ta koyo wasu suna haɗawa da ibadarsu, amma a saman benen nan numfashi ne da miƙa jiki da zama shiru, kowa da addininsa a zuciyarsa. Hajiya ta ce to ita za ta ci gaba da zuwa don ta sa ido. A zuwa na gaba ta zo da tabarma, wai kujerar tana ci mata baya. Yanzu ita ke tashina ranar Asabar, kuma in kin lura ta koma yin sujada a ƙasa bayan ta daɗe tana salla a zaune. Ban taɓa ce mata komai a kai ba, ke ma kada ki ce.

Ranar da aka fara sa mu tsaya da ƙafa ɗaya, na ce yau za su ga sajan. Na ɗaga ƙafar hagu na dafa ta a cinya, na ƙame jikina kamar ginshiƙi, na cije haƙora, na riƙe numfashi. Ina jin ƙafar da ke ƙasa tana ɗan rawa sai na ƙara ƙamewa don in hana ta. Ban san lokacin da na tafi gefe ɗaya ba, gaba ɗaya kamar an sare ayaba, na sauka a kan Hajiya, ita kuma ta sauka a kan wata mai sayar da atamfa. Matan nan suka yi ta dariya har wata ta zauna a ƙasa, ni ma dariyar da na yi shekaru ina haɗiyewa ta ɓalle min gaba ɗaya, har da hawaye. Sista ta zo ta tashe ni, ta sake tsayar da ni, ta ce da Hausarta ta Zongo, "Amarya, duba ƙafa naka. Yana rawa ko? Bar shi ya yi rawa. Shi ne yana riƙe ka."

Na duba kuwa. Yatsun suna kama ƙasa suna saki, idon sawu yana ɗan karkata nan ya dawo can, ba ya tsayawa ko kaɗan. Ashe wanda ake gani a tsaye cak ba a ƙame yake ba, gyara yake ta yi, ƙanana ƙanana, ba wanda ya lura. Sista ta ce kowace tsayuwa a yoga tana bukatar abu biyu a lokaci guda, ƙarfi da sauƙi. In ƙarfi kaɗai ne za ka karye, in sauƙi kaɗai ne za ka zube. Ina jin haka sai na ce a raina, ai wannan kitso ne. In na ja da yawa kanki ya yi ciwo, ƙuraje su fito a goshi. In na sassauta da yawa kafin Juma'a ya warware. Hannuna ya daɗe da sanin tsakiyar, ni ce ban taɓa tambayarsa ba. Da na dawo gida a ranar na jawo buhun nan daga ƙarƙashin gado. Yanzu ina karatuna bayan na sauke tukunya, kuma babanki ya ce an dawo masa da matarsa, sai dai har yanzu takan yi fareti in Rahina ta ɓata ɗaki.

Don haka in kin je can kika ga kina tangaɗi, yau kin gane darasi gobe ya kuɓuce, yau kina son makarantar gobe kina neman hanyar tasha, kada ki ce kin kasa. Rawar ƙafa ce. Ki gyara kaɗan ki ci gaba da tsayuwa.

Sista takan ce al'amuran duniya bibbiyu suke zuwa, zafi da sanyi, samu da rashi, yabo da zargi, kuma yawancin wahalarmu daga bin ɗaya da gudu ne da guje wa ɗayan. Wannan na gwada shi a jikina. A bikin 'yar maƙwabciyarmu aka yaba ɗaurin kallabina, na yi kwanaki ina tafiya kamar ƙasa ba ta cancanci ƙafata ba. A sunan da ya biyo baya wata ta ce miyata ta yi gishiri, na kwanta da ciwon kai, na rantse ba zan ƙara shiga girkin taro ba. Ga shi kallabin ya koɗe, matar ma ta manta ta yi maganar, ni ce dai nake nan yadda nake. Ke kin saba da zuwa ta ɗaya a ajinku na nan. A can za ki haɗu da waɗanda su ma na ɗaya ne a garuruwansu. Ranar da aka kira sunanki a gaban taro ki ji daɗinki, ki gode wa Allah, ki je ki wanke kwanonki. Ranar da wata babbar ɗaliba ta yi miki tsawa ba da laifinki ba, ko aka ce 'yar Zongo da wata irin murya, ki ji zafin, kada ki yi ƙaryar ba ki ji ba, sannan ki je ki wanke kwanonki. Yarinya ɗaya ce take wanke kwanon a ranakun biyu.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zaman shiru da muke yi a ƙarshe. Aka ce mu zauna, mu rufe ido, mu bi numfashinmu. Ni na ɗauka ana nufin kai ya zama fanko. Sai na tsaya a ƙofar kaina da tsintsiya, duk tunanin da ya leƙo in kore shi. Ina korar na cefane, na ɗinkin salla ya shigo. Ina korar wannan, sai ga wata jaruma daga littafi da akwatinta. Na tashi da gumi kamar na yi dambe. Da na yi wa Sista ƙorafi sai ta ja ni bakin benen ta nuna min titi, ta ce in ƙyale torotoro, motocin hayan nan, su wuce, ba aikina ba ne in tsayar da su, aikina kawai kada in hau kowace don yaron mota ya kira. Ta ce in na farka na tsinci kaina a ciki har mun kai Circle, ba faɗa, in sauka in dawo wurin numfashina. Dawowar ita ce aikin gaba ɗaya.

Ga yadda nake yi, ko za ki gwada. Bayan sallar asuba, in na gama addu'a, ba na tashi nan da nan. Ina zama a kan sallayar, bayana a miƙe amma kafaɗuna a sake. Ina jin iska tana shiga da ɗan sanyi, tana fita da ɗumi. Ba na ƙirgawa, ba na ja da ƙarfi. Kada ki daɗe, gwargwadon yadda koko ke hucewa ya isa. Ba zai maye miki gurbin salla ba, amma ni dai tun da na fara na daina tsintar kaina a raka'ar ƙarshe ina cinikin tumatir. Kewar gida za ta zo miki, watakila a wannan zaman ma za ta fi zuwa. Kada ki kore ta da tsintsiya, kada kuma ki hau ta ta kai ki tasha. Ki duba inda ta zauna a jikinki, ko maƙogwaro ko ƙirji, ki yi numfashi a gefenta. In kuka ya zo ki yi abinki. Za ta tashi da kanta in ta gama gaisuwa.

To yanzu na zagayo inda na ce zan dawo. A cikin wannan zaman, akwai mota ɗaya da ta ƙi wucewa, kullum sai ta tsaya a gabana. Ke ce, zaune tsakanin gwiwoyina, kanki a sunkuye, ina tsaga layi da tsinken kitso.

Kin san al'adar da aka zo da ita daga wajen kakanni. Ke ce 'yar fari, don haka uwa tana jin kunyarki, ba ta kiran sunanki, ba ta nuna ki a gaban mutane. Kuma sunan Hajiya aka sa miki, sunan surukata, wanda ko a mafarki bakina ba zai ɗauka ba. Shi ya sa kika tashi kina kwana a ɗakinta, kina ce mata Mma kina ce min Anti, ni kuma ina ce miki ke, ko 'yar nan, ko 'yar Hajiya. Al'ada ce mai kyau, kada ki raina ta. Ita ta ba ki uwa biyu, ita ta ba Hajiya 'ya a lokacin da ɗakinta ya yi shiru. Amma ni na riƙe ta yadda na yi tsayuwar farko, a ƙame, numfashi a riƙe. Rahina nakan ɗaga ta sama, in kira sunanta tun daga bakin lungu, ke kuwa kina gefe kina wanke kofi kina kallonmu ta gefen ido. Ina ganinki, 'yar nan. Duk lokacin ina ganinki.

Kitso ne kaɗai wurin da ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Kin tuna yadda nake cewa kitsonki ya tsufa alhali ko mako bai yi ba? Kin tuna ranar da na gama shuku tsaf, na ce layin tsakiya ya karkace, na tsefe na sake, kina ta gunguni cewa Anti ta cika tsirfa? Layin nan a miƙe yake kamar an sa ma'auni. So nake in ƙara zama da kanki a hannuna. Ƙananan kitson da kike cewa suna cin lokaci, don suna cin lokacin nake zaɓarsu. Na san inda gashinki yake juyawa a ƙeya, na san ɗan tabon bayan kunnenki, na san lokacin da barci ke ɗaukarki don kanki yakan yi nauyi a gwiwata, ni kuma sai in rage sauri. Yanzu haka mai aski yana share wannan duka daga ƙasan shagonsa, ke kuma kin ce na huta.

Da littattafaina zan bi, gobe a tasha sai in ruga in rungume ki ina kuka ina kiran sunanki har direbobi su taru. Na yi wannan a kaina ya fi a faɗa, har da ruwan sama. Amma wannan faɗuwa ce ta ɗaya gefen, zan kunyata Hajiya wadda ta goya ki ta yi jinyar ƙyandarki, ke ma za ki nutse don kunya. In kuma na tsaya daga nesa na ce Allah ya kiyaye hanya kamar maƙwabciya, na sake faɗuwa ta gefen da na saba. Na rasa tsakiyar, sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Ɗazu da kuka fita na kai wa Hajiya kokonta, na durƙusa, na gaya mata maganar da kika yi jiya, na gaya mata batun shukun.

Ta daɗe tana juya cokali. Sannan ta ce ta sani, tun ranar shukun ta sani, ita ma mai kitso ce ai. Ta ce babanki ma ɗan farinta ne, har yau bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, ita a cikin kwano take ɓoye nata, shi ya sa kullum namansa ya fi na ƙannensa, shi kuma har ya yi furfura yana zaton sa'a ce. Na yi dariya, ita ma ta yi, sai ta goge ido da bakin mayafi ta ce hayaƙin gawayi ne, alhali wutar ta riga ta mutu.

Na ce, "To Hajiya, yaya zan yi? Sunanki ne."

Ta ce, "Sunan ya ishe mu mu biyu. Kunnena na hagu ya yi nauyi tun bara, tasha kuma akwai hayaniya. Ki tsaya ta haguna, ni zan duba mai lemo."

Saboda haka in gobe kin ga na zagaya ta hagun kakarki, ta juya tana taya lemon da ba za ta saya ba, na gyara miki hijabi a kan sabon askinki na daɗe ina gyarawa, to yanzu kin san dalili. Tun ɗazu nake gwadawa a nan bakin ƙofa, in shaƙa, in saki, in faɗi sunan a hankali. Sau ɗaya ya fito, sauran ya ƙi fitowa. Ƙafata tana rawa sosai. Ban sani ba ko zai fito a tasha, ko ƙarar mota za ta cinye shi. Ke da kike karanta wannan kin riga ni sani. In ya fito, alhamdu lillahi. In bai fito ba, ga shi nan a ƙasa, kuma in kin dawo hutu zan sake gwadawa, tunda dawowar ita ce aikin.

Shiton yana da yaji, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Man kaɗanya yana cikin safa, ki shafa wa kan ko da babu gashi, rana ta can ba ta wasa. Gashi kuma zai tsiro, ni da tsinkena muna nan.

Allah ya tsare ki a tafiya da zama, a farke da barci. Allah ya ba ki ƙarfi ya haɗa miki da sauƙi. Ya sa ki a hannun mutanen kirki, ya buɗe miki karatu, ya kare ki daga ciwo da mugun abota, ya dawo mana da ke lafiya kina dariya. Babanki zai yi miki tasa addu'ar da bakinsa, Rahina ta ce ki bar mata madubinki.

Ban huta ba, Barikisu. Ban taɓa son hutawa ba.

Wassalam,
Mahaifiyarki